Tambayi Bakanike: Motar Gudu a Garin Gosulo

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan sun taru, kuma rabinsu zafi ne ya rubuto su. Ina zaune a benci a ƙofar garejina nan Agege na amsa su, da tawul a wuya, saboda haka wanda ya ga amsarsa ta yi gajarta ya yi min afuwa.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni ɗan canji ne, shekarata 29, ina zaune a Obalende, ina fita kasuwa wajen Broad Street. Allah ya ɗan buɗa min, kuma tun ina yaro burina jar Ford Mustang. Na ga wata tokumbo, wato kwancen waje, a kasuwar motoci ta Berger, ƙirar 2018, mai fistin takwas. Yayana ya ce hauka ce, abokaina sun ce in saya tun aure bai hana ni ba. Me ka gani? *Ɗanka, daga Obalende.*

Amsa: Ɗana, Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka. Ba zan ce maka hauka ce ba, don ni ma da na sauka Ikko a 1991 akwai hoton wata jar mota da na yanko daga kalanda na manna a bangon ɗakinmu na Idi-Araba, yana nan har laima ta cinye shi. Mustang mota ce ta gaske. Tun 1964 Ford ke ƙera ta, kuma wadda ka gani injinta lita 5 ne, ƙarfinta ya haura doki 400. Corolla ɗin da na san yayanka yake so ka saya ba ta kai doki 150 ba. To, ina za ka saki dawakan?

Daga Obalende zuwa Broad Street mai lafiya da ƙafa ma yana zuwa. In ka ce Gadar Third Mainland ce filin sukuwarka, duka tsawonta bai cika kilomita 12 ba, kuma da yamma in ka nufi Oworonshoki kai da mai tallar Gala za ku riƙa jerawa, wani lokacin ma ya wuce ka ya dawo ya same ka inda ya bar ka. Motar za ta iya yin kilomita 250 a awa, doka ta tsaya a 100 a babbar hanya, gosulo kuma ya ce ko 10 sai ya ga dama. Inji mai fistin takwas kuwa kamar doki yake a turke, ko bai je ko'ina ba sai ya ci. Tankinta lita 60 ne ko kusa da haka. Kai ɗan canji ne, lissafi sana'arka ce, ka san abin da lita ta zama tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafi.

Amma ba mai ne ya fi damuna ba. Ka koma Berger ka durƙusa a gaban motar, ka auna daga ƙasa zuwa leɓen bamba. Bai kai taƙi guda ba. Yanzu ka tuna tudun rage gudun da ke layinku, wanda 'yan unguwa suka zuba da siminti ba tare da sun tambayi kowa ba, ka tuna murfin kwalbatin da ke ƙofar gidanku, ka tuna ramin da ruwa ke ɓoyewa. Tayoyinta kuma sirara ne, ba nama tsakanin ƙarfe da kwalta, rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya kumbura taya ya lanƙwasa ƙarfen.

Sai ruwa. Wata damina da ta wuce, cikin Yuli, aka jawo min wata mota 'yar Jamus mai ƙofa biyu daga hanyar Lekki. Mai ita yaro ne sa'anka, mai ladabi, takalminsa a hannu. Ya ga danfo ta ratsa ruwa, ya ga jif ta ratsa, shi ma ya bi. Abin da bai sani ba shi ne hancin da injinsa ke shaƙar iska a ƙasa yake, bayan bamba. Jif ɗin da ta wuce ta turo masa igiyar ruwa, mota ta mutu a tsakiya. Da a nan ya tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Sai ya murɗa makulli, sau uku in ji shi. Iska tana matsuwa a cikin inji, ruwa ba ya matsuwa. Fistin ya taso da ƙarfinsa ya tarar da ruwa ya tare hanya, dole wani abu ya ba da kai. Da muka kwance fulogi, ruwa ne ya yi tsartuwa daga ramuka biyu. Baƙin mai ya fito kamar shayi da madara. Sandar da ke riƙe fistin, wadda muke kira kwanrod, ƙarfen da ko da guduma sai ka yi da gaske, ta lanƙwashe kamar lauje. Tana nan rataye a ƙusa a garejina, duk yaron da ya zo koyon aiki ita nake fara nuna masa. Motar wata huɗu ta yi a wurina, ba don aikin ya gagara ba, jiran kaya muke yi. A Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, in na Toyota kake nema, kafin ka rufe baki yara biyar sun kawo maka. In ka ambaci irin waɗannan, sai a ce ka ajiye kuɗi za a yi waya waje.

Wani abu kuma da abokanka ba za su gaya maka ba: Mustang da tayoyin baya take turawa. Kwalta ta jiƙe, ga baƙin man da tireloli suka ɗiga, kai kuma ka taka totur a kwana don 'yan mata su waiwayo, sai ka ga bayan motar ya riga gabanta.

In ka ji duk wannan zuciyarka ta ce sai ita, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sharaɗina biyu. Kada ta zama motarka ɗaya tilo, ta zama ta fitar safiyar Lahadi lokacin da hanya ta yi fayau. Sannan kada ka ba da ko sisi sai ka je da bakanikenka, ba na dillali ba. Yawancin irinta daga gwanjon Amurka ake kwaso su, wasu sun yi hatsari, wasu ambaliya ta shanye su. Kowace mota tana da lambar jiki mai harufa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba ɓangaren direba, a bincika tarihinta a intanet. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka sansana. Ka leƙa ƙarafan da kujera ke gudu a kai, in ka ga tsatsa ko busasshen taɓo, ka yi musu sallama.

In kuwa ita kaɗai kuɗin za su iya saya, ina bayan yayanka.

Tambaya: Oga, ni direban Hajiya ne a Ikeja. Camry ɗinmu tana ɗaukar zafi a gosulo. Wani makanike ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai an yi shi ne don ƙasar ƙanƙara. Gaskiya ne? *Direba, Ikeja.*

Amsa: Malam, wannan maganar ta girme ka, kuma ni kaina na yi shekaru ina aikata ta, Allah ya yafe mana. Ba gaskiya ba ce. Irin motar nan tana yawo a Dubai da Saudiyya, inda zafi ya fi namu nesa ba kusa ba, da tamostat ɗinta a ciki.

Aikinsa mai sauƙi ne. Ƙofa ce ƙarama da ke tare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa, wajen digiri 90, sannan ta buɗe ruwa ya zagaya lagireto. In ka cire ta, inji zai daɗe bai yi ɗumi ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu asuba ce, ta yi ta ƙara mai. Hajiya za ta ga mai yana gudu, kuma ka san wanda za ta fara zargi.

Motar da ke lafiya a guje amma ta yi zafi a tsaye, iska ce ta yi mata kaɗan. A duba fanka, ko tana tashi a kan lokaci, ko ta gaji. A duba fuskar lagireto, ƙura da leda sukan toshe ta. A duba murfinsa, don shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri, kuma shi ne mafi araha a duk abin da na lissafa. In tamostat ɗin ne ya maƙale, a sa sabo, ba a bar gurbinsa fanko ba. Ku kuma daina ɗura mata ruwan leda da na rijiyar burtsatse. Ruwan wasu unguwannin nan da gishiri-gishiri yake, yana cin inji ta ciki. A sayi ruwan lagireto mai launi. Kuma don Allah, in allura ta hau ja, ka gangara gefe ka kashe, kada ka taɓa murfin sai ya huce. Akwai tabo a hannuna na hagu da ke tuna min wannan kullum.

Tambaya: Kawu, wata biyar ke nan da aka kawo ni Mile 12 daga Katsina. Maigidana ya nuna min a waya wai zafin Legas 33 ne, na Katsina 40, amma wallahi na nan ya fi gallabata. Ba na barci, ƙuraje sun feso min a wuya, har randar da na taho da ita ta ƙi sanyaya ruwa. Ko jikina ne? *'Yarka, amarya a Mile 12.*

Amsa: 'Yata, wannan ba tambayar mota ba ce, amma duk abin da ya shafi zafi da ruwa bakanike yana da ta cewa. Lafiyarki ƙalau, wayar maigidanki ma ba ta yi ƙarya ba. Randar taki ita ta ba ki amsa.

Randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana zufa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, bushewar ta tafi da zafi. Da wannan dabarar marigayi Muhammad Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Amma sai iska tana da ƙishirwa abin yake yiwuwa. A Katsina cikin bazara iskar a bushe take ƙayau, ki shanya zane kafin ki gama wanke na biyu ya bushe. Nan kuwa teku na gefe guda, ga tafki a ɗaya gefen, laimar da ke cikin iska takan haura kashi 80 cikin 100. Iskar ta ƙoshi, ba ta da wurin zuba zufar randa, ba ta da wurin zuba taki. Sai gumi ya zauna a jiki yana naso, ya toshe ƙofofin fata, ƙuraje su fito.

Ga kuma dare. A gida rana na faɗuwa kin fitar da tabarma tsakar gida. Nan ina tsakar gidan? Siminti da kwalta da kwano sun wuni suna shan rana, da daddare su yi ta amayar da ita, ga janaretan maƙwabta yana hura nasa. Shekarata ta farko a garin nan a kan rufin wata tsohuwar 504 nake kwana, sauro ya yi biki a kaina har ya gaji.

Abin da na ga yana taimakawa: ki ajiye leshi da shadda mai sitaci sai ranar biki, ki zauna da atamfa ta auduga, sakakkiya. Ki watsa ruwa kafin ki kwanta, kada ki goge jiki sosai, ki zauna gaban fanka. Man shafawa mai nauyi irin na hunturu ki ba shi hutu, shi ma yana toshe fata. In ɗakin yana da taga biyu, a buɗe duka iska ta ratsa, a sa raga saboda sauro. In ba silin, wannan aikin maigida ne, ya samu mai gidan haya su yi magana, kwano tsirara murhu ne. Fanka mai caji ta fi sabon zane amfani a wannan garin, ki gaya masa in ji ni. Ki sha ruwa tun ƙishirwa ba ta zo ba. Ranar da kika yi gumi da yawa har jiki ya saki, ki dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In ƙurajen suka fara ruwa ko zazzaɓi ya biyo baya, asibiti za a je, ba wurin bakanike ba.

Ki ƙara haƙuri. Fabrairu da Maris su ne masu wuyar. Ruwa na sauka sosai wajen Yuni, zuwa Agusta da kanki za ki nemi mayafi. Randar kuma kada ki yar, ki ajiye ta inda iska ke bi, in ɗan hunturun da muke samu ya leƙo a Disamba ko Janairu za ta tuna aikinta na kwana biyu.

Tambaya: Baba, ni mai gadi ne a Lekki. Ɗan maigidana yana da wata mota kamar kwaɗo, in ya tashe ta ƙarfe biyun dare sai ka ce aradu, har tana harbi kamar bindiga. Lalacewa ta yi ne ko haka take? *Mai gadi, Lekki.*

Amsa: Sannu da aiki, ɗan'uwa. Ba lalacewa ba ce, kuɗi ya biya aka yi masa ƙarar. Irin waɗannan motocin da yawansu akwai ƙofa a cikin salansa da ke buɗewa in an danna maɓalli, harbin da kake ji kuma ragowar mai ne ke ƙonewa a cikin bututu in ya ɗaga ƙafa daga totur. Wasu kuma sukan sa a fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda yaran Ladipo ke kira indomi saboda cikinta ya yi kama da taliyar. Ita wannan ko bai sa a cire ba ya riƙa lura, don akwai ƙarafa masu tsada a cikinta irin su filatinam, kuma akwai masu hannun da ke sauke ta a gareji mai mota bai sani ba.

Yawancinsu suna da maɓallin da ke rage murya. In kuna wasa da shi, wata rana da ya fito cikin fara'a ka ce, "Ranka ya daɗe, an ce tana da wajen yin shiru, nuna min in gani." Masu irin motar nan suna son a tambaye su. Kada ka kai ƙara wurin uban, aikinka ya fi barcin awa ɗaya.

Tambaya: Malam, na lura duk wata sai ka kushe motocin gayu. Ko dai don ba ka da ita ne? *Mai karatu, Apapa.*

Amsa: Alhaji, ba ni da ita kam, wannan ka faɗi gaskiya. Amma na kwanta a ƙarƙashinsu fiye da masu su. Ranar da aka fara buɗe min bayan wata Porsche na ga yadda aka shirya injin, na fi minti goma ban taɓa komai ba, kallo kawai nake yi. Wanda ya kafa Lamborghini a 1963 ma da tarakta ya yi kuɗinsa, mutum ne da ya san taɓo. Amma ya ƙera motocinsa ne don hanyoyin Italiya, da man da ake sayarwa hawa-hawa, mai lamba 95 da mai lamba 98. Mu nan ka shiga gidan mai, fetur iri ɗaya ne, da Ferrari da keke mai ƙafa uku tiyo ɗaya suke sha. Ka ga wasunsu har da na'urar ɗaga hanci aka yi musu, ɗan yatsa biyu zuwa uku, don su haye tudu. Na taɓa tsayawa a Ikoyi ina kallon wata tana hawa tudun rage gudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, kamar tsohuwa za ta tsallaka kwata, mai gadi yana gaba yana ba da hannu, danfo biyar a baya suna zagi da Yarbanci. Mai kuɗinsa ya sayi abin da ransa ke so, ba ruwana. Wanda ya tambaye ni ne nake gaya wa abin da na gani.

Tambaya: Oga, ina sayar da yadi a Oyingbo, gidana Agege. Kullum awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, mai ya cinye riba. In sayar da motar? *Ɗan kasuwa, Agege.*

Amsa: Maƙwabci, kada ka sayar, iyali na buƙatarta ranar asibiti da ranar suna. Ka dai daina kai ta kasuwa. Kai da jirgin ƙasa ya zo har ƙofar gida? Jirgin da ake kira Jan Layi (Red Line) ya fara ɗaukar fasinja tun Oktoba 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Ka yanki katin Cowry, shi ne dai na motocin BRT. Ka je tasha da kanka ka ga lokutan tashinsa, don ba kowane lokaci yake tashi ba, sai ka daidaita buɗe shagonka da shi. Ranar da za ka ɗauko dila, ka fito da mota tun an idar da sallar asuba.

Motar da za ta riƙa wuni a gida kuma, ka samar mata inuwa, ka tashe ta ko sau biyu a mako ta ɗan zagaya unguwa saboda batir. Ka kulle ta, makullin kuma ya bar hannun yara. Motar da ke rufe a rana cikinta yakan haura digiri 50, yaro ya shiga wasan ɓuya ƙofa ta rufe da shi, ba ya iya fitowa. Wannan gargaɗin har da masu barin yaro a kujerar baya su ce minti biyar za su yi a banki.

Mai tambaya a kan iyakwandishan da ke sanyi da safe ya ƙi da rana, ka aiko min da sunan motar da shekararta, kuma kada ka bari a ƙara mata gas kafin a nemo inda yake zurarewa.